Wa Ya Sha, Wa Bai Sha Ba

Daren Litinin suka fara zuwa,
ɗaya a keke, biyu a bayan mashin,
wata an goyo ta kamar jaririya.
Kafin asuba benci ya cika a asibitin Tudun Wada,
ledar ƙarin ruwa tana reto a jikin ƙusa.
Goma sha bakwai na ƙirga.
Ciki yana murɗa, ido ya faɗa,
kowa da bokitinsa a gefe.

Ni ce duba-gari, Tasalla 'yar Ƙofar Kibo.
Ba ni da allura, ba ni da magani.
Littafi gare ni, da biro mai yoyo,
da tambayar da nake ja kamar akuyar sayarwa:
me kika ci, a ina, da wane lokaci?

Zare ya kai ni Tudun Jukun,
gidan da aka yi suna ranar Asabar.
Tun daga zaure magana ta riga ni shiga.
Wasu suka ce sammu, wasu suka ce baki,
saura suka nuna Inna Kande da haɓa,
ita da ta kwana gaban murhu
tana juya waina ɗari huɗu.
Na same ta ta kife tanda ta yi tagumi.
"Shekara talatin ina ciyar da unguwar nan,
yau kuma ni ce mayya."

Na ja layi a takarda:
waina, miyar taushe, dambun nama, zoɓo.
Ƙofa-ƙofa, rana tana cin ƙeyata.
Wanda ya kwanta ya ci waina,
wanda yake tsaye ma ya ci, har da guzuri.
To, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sai Malam Shekarau mai gyaran agogo,
garau da shi, ido ɗaya cikin gilashi:
"Na ci komai, har na siɗe kwano.
Zoɓon na bari, haƙorina ba ya son sanyi."
Sai matar ladan, mura ta hana ta.
Sai yara uku da aka kora kafin a buɗe kula.
Ashe masu lafiya su ne shaidu,
abin da ba su sha ba ya fi kowa baki.

Zoɓo kuwa ya tafasa, an gani.
Me ya shiga bayan an sauke?
Ƙanƙara.
Daga ina?
Shagon Ɗanlami, bakin kwalbati.

Biro ya tsaya a hannuna.
Ni da Ɗanlami nono ɗaya muka sha,
da kuɗin ƙanƙarar nan na yi karatu.

Famfo ya yi wata biyu bai ce uffan ba,
sai ya koma rijiyar bayan shago,
taku bakwai tsakaninta da masai,
ruwan Agusta ya haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa.
Ya ɗebo guga, fari tas kamar hawaye:
"Dubi da kyau, ina dattin?"
Na cika kwalba uku, na sa lamba, sai Shika.
Takarda ta dawo da sunan abin da ido bai gani.

Ni na danna kwaɗo a ƙofar shagon.
Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.
Ya ce, "A gai da gida," kamar baƙo.

Muka zuba magani a rijiya,
aka yi shela bayan Magariba:
a tafasa, a rufe, a wanke hannu da sabulu.
Sha shida sun koma gida da ƙafarsu.
Ta sha bakwai, Ladiyo, shekararta huɗu,
takalminta ɗaya yana nan ƙarƙashin benci,
har yau mai shara tana kewaye shi.

Jiya na bi ta Tudun Jukun,
ƙamshin man gyaɗa ya tare ni: tanda ta hau wuta.
Inna Kande ta cusa mini waina biyar,
ba ta ce komai ba.
Na kai wa Ɗanlami uku.
Yana cikin rami, yana haƙa sabuwa can nesa,
inda na auna masa da igiya.
Ya wanke hannu, ya karɓa, bai dube ni ba.
Amma ya ci.